Tulin Bakin Rami

Duk ranar Asabar ta rani, idan motar 'yan makaranta ta tsaya a bakin rumfarmu a Tudun Tama, sai an sami wanda zai ce mini, "Baba, ba ni in gwada." Nakan miƙa masa masaɓa, wato gudumar maƙera. Ya buga sau biyar, ƙarfen ya huce, ya mayar mini yana dariya, ya ce ashe abin ba wuya, ƙarfi kawai yake so. Saboda irin waɗannan yara na zauna na rubuta wannan. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, don haka ba za ku sami ado a ciki ba. Zan bi abin daki-daki yadda ya faru.

Sunana Garba, maƙeri ne ni, ɗan maƙeri. Tudun Tama yana tsakanin Zurmi da Shinkafi, sai an bar titi an shiga yashi. Ba noma ya kafa garin ba. Ƙasar ja ce mai tsakuwa, gero ma da ƙyar yake yi. Abin da ya tara mutane shi ne tama, dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Kakanninmu sun haƙa ramuka a gefen tudun, kuma daga nan ƙarfe yake tafiya Katuru da Galadi, har ƙetaren iyaka.

Aikin farko da na yi a duniya shi ne ɗaukar dutse. Ina da shekara takwas ko tara. Maza suna cikin rami suna haƙa, ana jawo kwando da igiya. Mata suna zaune a inuwar wata aduwa suna farfasa abin da aka jawo. Mu yara a cika mana ƙananan kwanduna a ce, "Maza ku kai taska." Taskar wani tuli ce a bakin babban rami, ta fi ɗaki tsawo. Mu kai mu zuba, mu dawo a guje, wanda ya fi kaiwa a ba shi dunƙulen fura. Murhun da ake narka tamar yana can bayan tudu, kuma ba a barin mace ta matsa kusa da shi. Da na kai shekara goma sha biyu babana ya ɗauke ni daga bakin rami ya kai ni wurin murhu. Na kwaɓa ƙasa, na ɗauki gawayi, na ga an gina murhu an cika an kunna an fasa, har sau uku. Na ukun shi ne na ƙarshe a garin.

Jirgin ƙasa ya kashe aikin. Tunda layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, tsohon ƙarfe ya riƙa zuwa: guntayen layi, sifirin mota, ganga. Maƙeri zai sayi sifirin ɗaya ya fitar da hauyar da da sai ya yi wata guda yana haƙa da toyi kafin ya samu ƙarfenta. Babu wanda ya yi laifi a nan. Mutane suka watse gida-gida. Mu muka koma Ƙaura, babana ya ba da ni ga wani maƙeri a unguwar tasha, ana ce masa Maigida Na'Allah.

A wurin Maigida Na'Allah koyo yana da tsari, kuma ba a tsallake mataki. Shekara uku ina zuga. Zuga-zugi na fatar akuya ne guda biyu, hannu ɗaya ya tashi ɗaya ya sauka, kuma iskar ba ta yankewa ko ƙuda ya sauka maka a ido. Bayan zuga sai gawayi. Ana tura ka daji ka san ƙirya, don gawayinta ne ke riƙe wuta, ka san yadda ake rufe shi da ƙasa kada ya zama toka. Bayan gawayi sai awartaki, ka riƙe wa maigida ƙarfe a kan uwar maƙera yana bugu, ka juya kafin ya ce juya. Idan ya furta kalmar, ka makara, kuma za ka ji a ƙeya. Sai a shekara ta shida aka ba ni masaɓa.

Lauje na fara ƙerawa, na wani manomi daga Ɗan Isa. Na fitar da shi da kyau a ido, na zura shi a ruwa tun yana ja sosai don in gama da wuri. Mutumin ya dawo bayan kwana biyu da laujen a karye gida biyu a aljihu. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye a gaban Maigida ya ce, "Wanga na ciyawa ne ko na kallo?" Maigida bai dube ni ba. Ya sa na sake wani, ya sa na tsaya ina kallon launin ƙarfen yana sauka daga ja zuwa ruwan goro kafin ya ɗaga kai. Sannan na zura. Daga ranar ban sake shayar da ƙarfe don gaggawa ba.

Masu saye iri-iri ne, kuma maƙeri yana koyonsu kamar yadda yake koyon wuta. Manomi zai zo ana saura mako ruwa ya sauka ya ce yau yake so. Bafulatani zai juya gatari sau goma, ya tafi ya zaga kasuwar Shinkafi kaf, ya dawo ya sake juya shi kamar bai taɓa gani ba, amma idan ya saya ya gamsu, 'ya'yansa ma wurinka za su zo. Mahauci yana son wuƙa mai laushin wasawa. Magini yana son abin da ba ya lanƙwasa. Kowa ka tambaye shi me zai yi da abin kafin ka sa ƙarfe a wuta.

Shekarar farin nan da shanu suka mutu a kan hanya, na yi wata huɗu ban kunna wuta ba. Ba mai sayen hauya idan ba abin nomawa. Abin da ya faru ma baya aka koma: mutane suka riƙa kawo mini garma da hauyar da ni na ƙera musu, suna neman a musanya da kwanon dawa. Na gane bugun hannuna a jikinsu. Na karɓi wasu, na jingine a bayan ɗaki. Da ruwa ya dawo, masu su suka zo, na wasa na mayar musu. Bayan wannan cinikin gyaɗa ya ja baya, jirgi ya rage zuwa, unguwar tasha ta yi shiru. Na ga gari na biyu yana mutuwa a gabana.

Yanzu sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Bayan an ba mu jihar Zamfara, an shiga neman abin da kowane yanki zai nuna nasa ne. Wani matashi ma'aikacin al'adu, Malam Sanusi, ya zo maƙerata a Ƙaura a kan babur da jakar takardu. Ya ce ana son a zaɓi ƙauye ɗaya a wannan shiyya a mai da shi wurin sana'o'in hannu, inda baƙi da 'yan makaranta za su riƙa zuwa kallo suna sayayya. Ƙauyen da aka zaɓa za a haƙa masa rijiyar burtsatse, a gyara hanya, a gina rumfuna. Ya ji labarin ramukanmu.

"Baba Garba, jima da saƙa da tukwane akwai su ko'ina," in ji shi. "Amma a ce dutse ya zama ƙarfe a gaban mutum, wannan babu mai shi. Za ku iya?"

Na ce za mu iya. Ban yi shawara da kowa ba kafin in faɗa. Na tattara kayan aikina na koma garinmu.

A lokacin gida tara suka rage a Tudun Tama, rijiyarsu ɗaya tana ƙafewa kafin bazara, kuma uku daga cikin gidajen sun riga sun nemi fili a Zurmi. Mai gari ya ce mini a fili, in rijiyar nan ba ta zo ba, baɗi shi ma zai tashi. Takarda ta yi ta yawo tsakanin ofisoshi, ba a sa mana rana ba sai bayan an ƙaddamar da Shari'a. Wannan ya kawo wata magana.

A zamanin babana, kafin a kunna murhu ana yanka baƙin bunsuru a gindinsa, a bar jinin ya shiga ƙasa, masu dundufa suna kiɗa. Liman ya kira ni ya ce wannan ba za a yi ba. A yi addu'a, a yi sadaka in ana so, amma ba jini a gindin murhu. Na ce ko bai faɗa ba ni ma ba zan yi ba. Wanda bai yarda ba shi ne Ɗan Ige, taubashina, ɗan Gwaggo Tumba ƙanwar babana. Shi ma maƙeri ne, yana cikin waɗanda ba su taɓa barin garin ba, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Ɗan birni," in ji shi, "ka tahi Ƙaura ka sha ruwan famfo ka dawo za ka koya wa tama addini. Ita ta san liman?"

Na ce, "Ta san Wanda ya halicce ta. Kai dai kawo jakinka mu ɗebo ƙasa."

Ga yadda muka yi aikin. Da farko ƙasa: ta suri muka haƙo, muka kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, muka bar ta kwana uku. Muka gina murhu zagayayye, tsawonsa ya kai ƙirjina, ƙasa da faɗi sama a tsuke. Muka yi bututun yumɓu guda takwas muka jera a gindi, don wannan murhu ba a zuga shi, iska ce ke shiga da kanta ta hura. Na biyu gawayi: ƙirya ta yi wuya a kusa, sai da muka kai wajen Galadi. Na uku tama. A nan ba mu sha wahala ba. Taskar iyayenmu tana nan a bakin babban rami, ciyawa ta rufe ta, shekara hamsin ba wanda ya taɓa. Na ce wa Malam Sanusi ai tsofaffi sun bar mana gado a tare. Muka ɗebo kwando goma sha biyu, muka farfasa kamar girman goro. Muka jera: gawayi, tama, gawayi, tama, har baki. Liman ya yi addu'a, na sa wuta da hantsi.

Washegari da safe mutanen ofis suka zo da mota biyu. Muka fasa gindin murhu, muka jawo abin da ke ciki da dogon ƙarfe. Curi ne babba, baƙi, yana hayaƙi. Na ɗora a kan dutse na ɗaga masaɓa na buga. Ya tarwatse kamar tsohuwar tukunya. Na ɗauki wani ɓangare na buga, shi ma haka. Kashin tama ne zalla, wato dattin da ke narkewa ya daskare. Babu ƙarfen da zai yi ko allura.

Shugaban tawagar ya duba agogo, ya yi mana sannu, suka hau mota. Malam Sanusi ya bi su har bakin hanya, ya daɗe yana magana ta taga. Ya dawo ya ce ya roƙa an ba mu mako uku. In ba a samu ba, wani ƙauye na masu tukwane za a ba.

A cikin kwana biyu aka kawo mini shawara biyu. Ta farko ta Ɗan Ige ce. Ya zo da yamma yana jan igiya, baƙin bunsuru a ƙarshenta.

"Ga malamin da kunka ƙi gayyata," in ji shi. "Ba sai kowa ya sani ba. Ni da kai da wuƙa."

Na ce ya mai da shi inda ya samo shi.

"To mi ya hana ƙarhe hita? Ƙasa ta ubanmu, gawayi na ubanmu, tama ta ubanmu. Abu guda munka rage. Kai mai son lissafi, lissafa."

Maganarsa ta shiga gari. Har waɗanda ke sahun farko a masallaci suka fara kallona ta gefen ido.

Ta biyu ta Malam Sanusi ce. Ya ja ni bayan rumfa ya rage murya. Ya ce baƙi ba su san bambanci ba. A sami guntun sifiri a cusa a tsakiyar gawayi, in an fasa a ciro, kowa ya tafa, rijiya ta zo. Ya ce ba don kansa yake faɗa ba, kuma na san gaskiya ne. Na ce masa, "Malam, in na yi haka, duk shekara sai na sake yi. Kuma ranar da wani maƙeri ya zo kallo, da bugu ɗaya zai gane ƙarfen mota." Ya ce to ni na sani.

Ni abin da na riƙe shi ne, idan aiki ya ɓaci, akwai matakin da ya ɓaci, kuma ana nemansa ne daga farko a bi da bi. Na koma kan murhun da muka fasa. Ƙasar ta gasu sosai, ba ta tsage ba. Bakin bututun ya narke ya yi sheƙi, ke nan zafi ya kai kuma iska ta shiga. Gawayin ya ci har ƙasa. Saura tama, ita kuwa ban ga yadda za a zarge ta ba, tunda hannun iyayenmu ya tara ta. Na yi kwana huɗu ina zagaya wannan lissafi ina dawowa wuri ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko na shiga gaida Gwaggo Tumba, don tun da na zo garin sau ɗaya na leƙa ta. Ta haura saba'in, idonta ɗaya ya yi hazo, tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gujiya. Ba a gaya mata komai game da aikin ba. A tsohuwar al'ada mace ba ta zuwa wurin murhu, a sabon tsari ma an ce kada maza da mata su cakuɗa a wurin taro, sai ya zama babu wanda ya ga dalilin tambayarta, har ɗanta.

"Garba, an ce kun dahwa dutse kun ci kunya," in ji ta.

Na ce haka ne, Gwaggo.

"Wa ya tsince muku tamar?"

Na ce ba a tsince ba, daga taska muka ɗebo.

"Wace taska?"

"Tulin bakin babban rami."

Ta ajiye gujiyar. Ta fara dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, sai da jikarta ta kawo ruwa. Da ta samu numfashi ta ce a kira mata Ɗan Ige. Ya shigo ya durƙusa.

"Ku biyu, da gemunku, kunka kwashe juji kunka sa wa wuta? Wanga tuli zubarwa ce! Ni da uwar Garba munka tara shi. Duk dutsen da munka hwasa munka ga ba shi da kirki, shi muka ba yara su kai can."

Na ce, "Gwaggo, ai taska kuke cewa."

"To mi za mu ce? In munka ce ku kai juji, wane ɗa zai yi gudu? Kai ma har kuka kaka yi in an ba wani kwando ya hi naka." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma an ce kana yawo da bunsuru. Bunsurun nan ni nika dahwa shi kowace shekara, mu ci mu ƙoshi. In tamar ba ta da kyau, ko raƙumi kunka yanka kashi za ku kwasa."

Ɗan Ige ya ce, "Inna, ai ba ki taɓa hwaɗi ba."

"Ka taɓa tambaya?"

A ranar na san abin da ban sani ba shekara hamsin. Tamar kirki ba ta taɓa kwana a bakin rami ba. Mata suna tsince ta, su wanke, su kai ta cikin gida a rufe, daga nan maza su ɗauka zuwa murhu. Ni na ga farkon aikin ina yaro ƙarami, na ga ƙarshensa ina ɗan saurayi, tsakiyar kuwa a hannun mata take, ban taɓa gani ba. Babana ma bai koya mini ba, don shi a tsince ake kawo masa.

Saura kwana goma sha biyar. Tsofaffin ramuka sun rufta, ba mai shiga. Mai gari ya aika Galadi aka zo da masu haƙar rijiya uku. Gwaggo ta sa aka ɗora ta a kan jaki aka kai ta gefen tudu, ta nuna da sanda, ta ce a bar jar ƙasa ta sama, a wuce farar tsakuwa, sai an kai inda dutsen ya yi duhu. Sun kai a kwana na biyar, zurfin gaba uku. Muka kafa zana a tsakar gidanta, ta tara mata huɗu, muna kai kwanduna bakin ƙofa muna ajiyewa. Liman ya ce wannan babu laifi.

Ni ta yarda na zauna, don ɗanta ne ni. Ga yadda take yi. Ta ɗauki dutse ta auna a tafin hannu, in bai yi nauyin da ya fi girmansa ba ta jefar. Wanda ya tsira ta fasa. In cikin yana da rami-rami ko yashi-yashi ta jefar. In ya yi duhu a dunƙule kamar hanta, sai ta tofa masa yawu ta goga a bayan guntun fasasshiyar tukunya. Layi ja mai duhu, ta ajiye. Layi rawaya ko fari, ta jefar. Na gwada guda goma a gabanta, ta mayar da bakwai.

"Hannunka ya saba da ƙarhen mota," in ji ta. "Komi ka ɗauka nauyi gare shi."

Cikin kwando goma, uku kawai take ajiyewa. Bayan tsinta aka wanke a kwarya, aka shanya, aka gasa a kan wutar itace har dutsen ya yi ja ya tsattsage, sannan aka farfasa. Wannan gashin ma ban san da shi ba. Muka gina sabon murhu, muka shanya shi da wutar kara don kwanaki sun ƙure. Ɗan Ige ne ya jera bututun. Bunsurun kuwa ya sayar da shi a Shinkafi ranar Alhamis, ya ce ya faɗi, kuma laifina ne.

Ranar da aka fasa murhu na biyu mutane sun fi na farko yawa, don labarin kunyarmu ya zaga. Akwai mutanen ofis, da malaman makaranta biyu da ɗalibansu, da maƙera daga Ƙaura da suka zo su ga yadda zan ƙare. Muka buɗe gindi. Kashi ya fara fitowa, muka ture shi gefe. A ƙarƙashinsa akwai curi, bai kai kan rago ba, ƙanƙane ƙwarai idan aka gwada da na farko. Shugaban tawagar ya ce, "Wannan ne duka?" Ɗan Ige ya kama da awartaki ya ɗora a kan dutse. Na buga. Ɓawon ya zube, tartsatsi ya tashi, curin bai fashe ba. Na sake bugawa, ya lotsa. A bugu na shida ya fara faɗi. Na sa gatari a tsakiya Ɗan Ige ya doka, muka raba shi biyu, cikin ya fito fari yana ƙyalli. Wani tsohon maƙerin Ƙaura ya matso ya duba, ya juya ga jama'a ya ce, "Ƙarfe ne." Ɗan Ige ya ce, "Da ka zaci tuwo ne?"

Abin da ya biyo baya zan faɗa a taƙaice. Rijiyar burtsatse ta zo kafin bazara. Hanya rabi aka gyara, har yau babbar mota ba ta shiga da damina. An gina rumfuna shida. Gidaje ukun nan ba su tashi ba, wasu ma sun dawo. Akwai baduku yanzu, da masu tabarma, da wata mata mai tukwane da ta zo daga ƙauyen da muka yi takara da shi. Sau biyu a rani muke kunna murhu, sauran kwanaki da sifirin mota muke aiki kamar kowa, kuma muna gaya wa baƙi wanne ne wanne. Ba arziki aka yi ba. Gari dai yana nan. Duk wanda ya zo koyo a wurina yanzu, kafin zuga sai ya yi rani guda yana kai wa matan nan kwando yana zaune yana kallon abin da suke jefarwa.

Rabin curin mutanen ofis suka tafi da shi. Ɗaya rabin na yi kwana biyu ina tacewa, ina ninkawa ina bugawa, har ya isa hauya guda. Malam Sanusi ya so a rubuta sunan Gwaggo a allon bakin hanya. Ta ce kada a kuskura a kafa sunanta a titi kamar mai neman kansila, a kawo mata hauyar dai ta gani. Na sa mata ƙota na kai. Ta ƙwanƙwasa da zobenta ta kara a kunne. Ta shafa bayan, ta shafa cikin, ta bi bakin da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ta sake bi.

"Ƙarhen ya yi," in ji ta. "Bakin ya karkace hagu. Koma ka gyara."

Na duba a haske. Ya karkace. Shekarata sittin da biyu a lokacin. Na cire ƙotar, na koma rumfa, na ce wa Ɗan Ige ya zuga.